Mai hoto ya cika hannu: abin da gyaran kala ke yi wa hotunan biki

Duk wanda ya saba leƙa hotunan biki a Instagram ya san yadda abin yake idan mai hoto ya cika hannu. Jan leshin amarya na ci bal-bal, lallen hannunta ya koma ruwan lemo, fuskar ta yi fayau har sai gwaggonta ta ƙura ido kafin ta gane ta. Ango kuwa babbar rigarsa ta zama farin fili, aikin da mai ɗinki ya kwana yana zubawa a wuya ya ɓace ɓat. Galibi a wurin gyara aka yi ɓarnar, a Lightroom ko Photoshop ko Snapseed, inda aka ja abubuwa uku fiye da kima: tazarar haske da duhu, daidaiton launi, da kaurin kala.

Idon kyamara haske kawai yake aunawa, bai san launi ba. Shi ya sa ake lulluɓe shi da ƙananan matatai, rabi kore, kwata ja, kwata shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976. Sauran launin kowane ɗigo lissafi ne ke cike shi. In aka adana hoto a JPEG, kowane launi cikin ukun matakai 256 kacal gare shi, daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, ƙarshen haske. Fayil ɗin RAW kuwa yakan riƙe matakai 4,096 ko 16,384, don haka ya fi jure ja-in-ja a wurin gyara.

To, ƙara tazarar haske da duhu na nufin a tura masu duhu wajen 0, masu haske wajen 255. A ce shaddar ango tana kan 250, zaren aikin wuyanta yana kan 240. Wannan ɗan bambancin shi ne aikin da ido ke gani. Da an ja ma'aunin da ƙarfi, duka biyun sai su daki 255, su zama abu ɗaya, kuma in aka adana a haka, babu manhajar da za ta dawo da ainihin zaren. Akwai jadawali mai kama da tuddai da manhajojin ke nunawa, histogiram. In ka ga tudun ya jingina da bangon dama, fari ya ƙone. In da na hagu ne, baƙi ya toshe.

Farar riga da baƙar fuska a hoto ɗaya kuwa tsohon ciwon kai ne. Ma'aunin kyamara yana ɗaukar cewa abin da ke gabansa matsakaicin toka-toka ne. Da shadda ta cika hoto, sai ya ga haske ya yi yawa, ya rage, fuskar ango ta nitse. Mai gaggawa sai ya ƙara hasken hoton gaba ɗaya, fuska ta fito, riga ta ƙone. Wanda ya san aikinsa inuwa kaɗai yake ɗagawa, ya sassauta wuraren da suka fi haske, ko ya zagaye fuskar ya gyara ta ita kaɗai.

Daidaiton launi ya kamata a fara taɓawa. Hasken rana tsaka yana wajen Kelbin 5,500, na ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa bai wuce 3,000 ba, inuwa kuma takan kai 7,000 ko fiye, tana jan hoto zuwa shuɗi. A zauren biki na zamani ga fitilu masu kala-kala suna zuba wa mutane a fuska. Dabarar mai sauƙi ce: a dangwala ma'aunin daidaiton launi a kan wani abu da aka tabbata fari ne ko toka-toka, sauran launuka su bi. In ba a yi haka ba, duk kaurin da aka ƙara daga baya kuskuren zai ninka.

Kaurin kala shi ne gishirin hoto, kuma nan hannu ya fi zarcewa. Ja ne ke saurin cika ya tumbatsa, shi ya sa furannin leshi ke narkewa su zama dunƙule ɗaya. Fatar ɗan Adam kuma, baƙa ko fara, a yankin ruwan lemo take wurin manhaja. Ka ƙara kauri ga hoton duka, ka ƙara wa fata. Manhajojin Adobe suna da ma'auni na biyu, baiburans, wanda ke ƙarfafa launuka masu rauni ya sassauta wa fata. Shi ya fi dacewa da hoton mutane.

Sai dai wani abin da gangan ake yin sa. Ma'aunin da ke ƙara hasken ruwan lemo kaɗai, da shi ake mayar da baƙa wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ta koma fara sol. Masu hoto za su ce ba laifinsu ba ne, kwastoma ce ke cewa a ɗan haska ta, kuma da gaskiyarsu. Amma a duba tarihi. Daga shekarun 1950, masu wanke hoto sun riƙa daidaita injinansu da katin Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, wanda ake kira Shirley. Binciken Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla, na cikin abin da ya sa aka gyara fim don launuka masu duhu. Sai a shekarun 1990 katin ya haɗa mata masu fata daban-daban. A 2021 Google ya fito da wayar Pixel 6 yana tallata cewa tana nuna baƙar fata yadda take, a 2022 kuma ya rungumi ma'aunin launin fata mai matakai 10 na Ellis Monk, malami a Harvard. An daɗe ana fafutukar kyamara ta ga baƙar fata da kyau, mu kuma muna biyan kuɗi a goge ta. A ganina wannan ya wuce kwalliya, ya zama bilicin da linzamin kwamfuta.

Masu biki, tun wurin ciniki ku gaya wa mai hoto ya bar muku fatarku yadda Allah ya yi ta. Ku nemi ya haɗa muku da hotunan asali da ba a taɓa ba, kuma ya turo su a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi kai tsaye.