Taron dangi a NBA: yawan kofi ne ke nuna gwarzo?

Musun da ake yi kan Messi da Ronaldo yana da takwara a ƙwallon kwando, kuma ya iso har nan Garatu, kan hanyar Minna zuwa Bida, tunda waya ta sa muna ganin wasannin NBA na Amurka da safe. Tambayar ita ce: in manyan 'yan wasa suka haɗu a ƙungiya ɗaya suka ci kofi, wato taron dangi, kofin nasu ya kai darajar na wanda ya ɗauki ƙungiya a kansa?

Rigimar ta yi ƙarfi ne a 2010, lokacin da LeBron James ya bar Cleveland ya koma Miami, ya haɗu da Dwyane Wade da Chris Bosh. Sun ci kofi a 2012 da 2013. Sai 2016 Kevin Durant ya koma Golden State, ƙungiyar da ta ci wasa 73 cikin 82 a kakar, kuma ita ce ta fitar da ƙungiyarsa ta Oklahoma. NBA tana da iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, amma a shekarar kuɗin talabijin ya ɗaga iyakar daga dala miliyan 70 zuwa kusan 94, shi ya ba su damar ɗaukarsa. Durant ya ci kofi a 2017 da 2018, amma har yau wasu na cewa dafaffe ya tarar.

Masu ƙin taron dangi da 'yan gidanmu suke kafa hujja. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci wa Houston kofi a 1994 ba tare da wani babban tauraro a gefensa ba. A kakar nan shi ne gwarzon gasa, shi ne gwarzon masu tsaro, shi ne kuma gwarzon wasan ƙarshe. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya tsaya a Milwaukee har ya ci kofi a 2021, da maki 50 a wasan da ya rufe gasar.

To amma a yi adalci. Michael Jordan da ake kirari da kofinsa 6, duk da Scottie Pippen ya ci su, uku na ƙarshe har da Dennis Rodman. Hakeem ɗin ma da zai maimaita a 1995, sai da aka kawo masa Clyde Drexler. Ga kuma Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya: yana shugabancin Toronto ya yi musayar DeMar DeRozan da Kawhi Leonard a 2018, suka ɗauki kofi a 2019, duniya ta ce ya iya lissafi. Kun ga inda gizo ke saƙar? In shugabanni suka tara taurari, sai a ce basira. In ɗan wasa ya zaɓa wa kansa inda zai je, sai a ce ragwanci. Ku da kuka bar gida kuka tafi kudu neman halak, kun fi kowa sanin cewa canjin wuri ba laifi ba ne.

Kuma taron dangi ba ya tabbatar da nasara. Brooklyn ta haɗa Durant da James Harden da Kyrie Irving a 2021, ko wasan ƙarshe ba su kai ba. A watan Yulin shekarar, D'Tigers ta Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas, alhali Durant na cikin fili. Yarjejeniyar 2023 kuma ta tsananta takunkumi kan ƙungiyar da ta wuce gona da iri wajen albashi. Daga 2019 zuwa 2025, kowace shekara ƙungiya daban ce ke ɗaukar kofi.

Ni dai ga yadda nake auna abin. A kara, baba ya koya min cewa ba a yi wa sa kuɗi don girman garken da ya fito, shi kansa ake dubawa. Haka ɗan wasa. A tambaya: in an cire shi, ƙungiyar za ta kai can? Da wa ya kara? Me ya yi da wasa ya yi zafi? Da wannan ma'auni, kofin LeBron na 2016, da Cleveland ta farfaɗo ana cin ta 3 da 1, ya fi na Miami biyu nauyi, kuma na Hakeem na 1994 ya fi na Durant. Amma na Durant ma kofi ne, don shi aka ba gwarzon wasan ƙarshe sau biyun. A ƙirga kofuna, sannan a ɗora su a sikeli.