Mafarkin dare, damuwar rana: yadda masana halayyar ɗan Adam ke sauraren mafarki

Daga Kasuwar Dole ta Damagaram har zuwa Katako ta Yamai, da wuya hantsi ya yi ba a ji wata ta ce ma maƙwabciyar rumfarta "jiya na yi wani mafarki" ba. Fassara kuwa tana bakin kowa. Maciji maƙiyi ne. Faɗuwar haƙori rasuwa ce a dangi. Wadda ta ga ana ba ta abinci cikin barci, an yi mata sammu. Mu ma a gidan rediyo, in aka buɗe layi ma masu saurare, tambayar mafarki ba ta yankewa, kuma galibin masu kiran mata ne.

Da a bakin rumfa maganar ke tsayawa, da da sauƙi. Amma mace ta ga kishiyarta a mafarki riƙe da wuƙa, washegari ta hana ƴaƴanta cin tuwon ɗakinta. Ɗan kasuwa ya ga ƙanensa yana kwashe masa kaya, ya karɓe makullin shago ba tare da ya faɗi dalili ba. Sannan a kwashi jika biyar, jika goma daga cikin jari a kai ma mai duba, shi kuma ba zai taɓa cewa babu komai ba, domin da "akwai hannu" yake cin abinci. Zumuncin shekara talatin sai ya watse a kan abin da ba wanda ya gani sai mai barci.

Akwai wasu masu sauraren mafarki da aikinsu ya sha bamban da wannan. Su ne masana halayyar ɗan Adam, waɗanda ake kira sikolog, da likitocin ƙwaƙwalwa masu yin jinya ta hanyar hira. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Sigmund Freud, wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wanda littafinsa kan fassarar mafarki ya fito a ƙarshen 1899 ɗauke da shekarar 1900. A ganinsa mafarki buri ne da mutum ya danne a zuci, sai ya fito da dare cikin ɓad-da-kama, yana aron guntayen abubuwan da aka gani da rana. Abokin aikinsa Carl Jung na ƙasar Suwis, wanda suka raba gari a 1913, ya ce a'a, mafarki ba ɓoyo yake yi ba, yana nuna ma mutum gefen rayuwarsa da ya yi watsi da shi ne. Da yawa daga cikin ra'ayoyin Freud masana na yau sun ajiye su. Abin da ya rage, wanda a ganina shi ne mai amfani, shi ne dabararsa: maimakon ya buɗe littafi ya ce ga ma'anar maciji, sai ya tambayi mai mafarkin abin da macijin ke tuna masa.

A 1953 wasu masana biyu a jami'ar Shikago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka gano wani hawa na barci da ba a san da shi ba a da. Kusan kowane minti 90 mai barci na shiga wani mataki da idanunsa ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma in aka tashe shi a lokacin, galibi zai ce mafarki yake yi. Wannan mataki na ƙara tsawo in asuba ta gabato. Shi ya sa mai tuyar ƙosai da ke tashi kafin kiran salla takan farka da mafarkinta ɗanye a ka. Watau kowa na mafarki a kowane dare, har wanda ke rantsuwa shi ba ya yi. Mantawa yake.

Wannan ba baƙon zance ba ne ga malamanmu. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito an kasa mafarki gida uku: na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda zuciya ke zantawa da kanta. Na farko sai a kai ma masu ilminsa. Aikin sikolog bai wuce gida na uku ba, kuma mu yi ma kanmu adalci, mai kwana da lissafin bashi yawancin mafarkinsa daga nan yake fitowa. Wanda kayansa suka maƙale lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a Agustan 2019, ko a lokacin takunkumin 2023, ba ya buƙatar maye kafin ya ga ana korarsa cikin barci.

To yaya zaman yake? Wata malama a jami'ar Merilan ta Amurka, Clara Hill, ta tsara shi mataki uku a littafinta na 1996: a bi mafarkin daki-daki, a nemi inda ya haɗu da rayuwar mai shi, sannan a yanke abin da za a yi in gari ya waye. Bari mu buga misali da wata mai sayar da atamfa. Dare uku a jere tana ganin kanta tsakiyar gulbi da kaya a ka, ruwa na hawa, ga ƴarta ta fari tsaye a bakin gaɓa ta juya mata baya. Ƴan rumfa sun riga sun yanke hukunci: an shiga tsakaninta da ƴarta.

Sikolog zai ce, "Hajiya, ba ni labarin kamar yanzu yake faruwa. Kayan da ke kanki, mene ne?"

"Ɗauri ne, likita. Da nauyi."

"Na shago ne ko na gida?"

Nan za ta yi shiru. Sai ta tuna ɗaurin ya yi kama da wanda ake kai ma amarya. Da tambaya ta yi tambaya, sai ta fito da abin da ba ta faɗa ma kowa ba: kuɗin adashen da ta tara don kayan ɗakin yarinyar ta biya bashin Alhajin da ke ba ta kaya da su, biki ya rage wata biyu, maigida bai sani ba, yarinya ba ta sani ba. Ga kuma alkunyar ƴar fari, wadda ko sunanta ba ta faɗi, balle ta zaunar da ita su yi maganar kuɗi. Bayan da aka juya mata a mafarki, ita ce ke jin tsoronsa tun kafin ya faru.

Ku lura, likitan bai fassara komai ba. Da wata ce ta kawo wannan mafarki, mai yiwuwa gulbin ya kai su wani wuri dabam, domin ruwa a wurin wadda ta tashi a bakin kogin Kwara ba ɗaya ba ne da ruwa a wurin wadda ambaliya ta rushe ma gida. Mataki na uku kuwa ba a cikin barci yake ba. Za su zauna su duba wa za ta fara gaya ma, ko ƙanwarta ce za ta isar da maganar ga yarinya, ko a rage kayan, ko a nemi dangin ango su ɗaga rana. Bashi bai gushe ba, amma ya tashi daga kan mutum ɗaya.

Haka ake bi da mafarkin kishiya mai wuƙa. Tambayar ba ita ce me kishiyar ke ƙullawa ba, domin mafarkin ba a kanta aka yi shi ba. Ana tambayar mai mafarkin me ya faru a gidan cikin satin, kwanan wa aka tauye, ɗan wa aka biya ma kuɗin lakkol aka bar na wa.

Wata masaniya a Shikago, Rosalind Cartwright, ta daɗe tana bin barcin mutanen da aurensu ya mutu. Ta lura cewa waɗanda ke ganin tsohon miji ko tsohuwar mata a mafarki, har da ɓacin rai, sun fi saurin farfaɗowa daga baƙin ciki bayan shekara guda. Mutanen da ta bincika ba su da yawa, saboda haka kada a ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Amma ya isa bazawara ta daina tsorata cewa an yi mata kiranye don ta ga tsohon mijinta cikin barci.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne mugun mafarki mai maimaituwa, irin na wanda ya ga tashin hankali, haɗarin mota ko harin ƴan bindiga a hanyar kasuwa. A 2001 likita Barry Krakow da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da mata 168 da aka ci zarafinsu. An koya ma wasunsu su ɗauki mafarkin da rana tsaka, su sake masa labari yadda suke so, su riƙa bitar sabon a zuci na ƴan mintoci kowace rana. Mugun mafarkin ya ragu sosai, barci ya gyaru. Babu ƙwaya, babu allura. Sai dai wanda abin ya yi ma tsanani ya yi shi a gaban masani, kada ya tono miki shi kaɗai.

Likitan kirki kuma zai fara tambayar jiki kafin ya tambayi mafarki. Masassara na kawo mafarkai masu ban tsoro, haka wasu magunguna. Shayi mai kauri da goro bayan isha'i na dagula barci, Tramol ɗin kan tebur kuwa ya fi su ɓarna. In rashin barci ya haɗu da rashin cin abinci da kuka ba dalili har sati biyu, ko mutum ya fara jin gara ya mutu, wannan ya wuce zancen mafarki, a tafi gidan likita a ranar. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da aka fi sani da Pavillon E, a jihohi kuma a fara da asibiti mafi kusa, su za su tura mutum inda ya dace. Masanan ba su da yawa a ƙasarmu, kuma ba kowannensu ke aiki da mafarki ba, sai mai zuwa ya ɗauko zancen da kansa.

Mai niyyar zuwa ta riƙe mafarkin tun da asuba, domin cikin ƴan mintoci yake zubewa. Wadda ba ta rubutu ta naɗi muryarta a salula kafin ta sauko daga gado: abin da ta gani, wa ke ciki, me ta ji a ƙirjinta da ta farka, da kuma abin da ya faru jiya a gida da rumfa.