Jinin raƙumi da leƙen ƙwaƙwalwa tana raye: ina Yola ta tsaya?

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna magana da juna ne ta wasu mahaɗai ƙanana, kuma a nan ake zargin tushen farfaɗiya da ciwon mantuwa. Shekaru da yawa mai son ganin furotin ɗin da ke riƙe da mahaɗan, irin su PSD-95, sai ya kashe ƙwayar, ya sandarar da ita, sannan ya rina ta da sinadarin garkuwar jiki mai neman furotin ɗin ya manne masa. Hoto ɗaya ke nan, na gawa. Da aka koma liƙa wa furotin launin kore mai ƙyalli, wanda ya jawo kyautar Nobel ta 2008, sai wata matsala ta ɓullo: furotin ɗin kan yi yawa har ya sauya girman mahaɗar da ake son aunawa.

Mafita ta biyo ta hanyar da ba a zata ba. A 1993 masana a Brussels suka gano cewa jinin raƙumi yana ɗauke da wani sinadarin garkuwa mai sauƙin gini, wanda ake iya yanko ɗan guntunsa ya yi aiki shi kaɗai. A 2013 kuma ɗakin binciken Don Arnold a Kalifoniya ya fitar da wasu 'yan manne makamantan wannan guntu, ko da yake ba daga jinin raƙumi ba, waɗanda ƙwayar ke ƙerawa da kanta, su haska mahaɗa tana raye, ana kallon yadda take girma ko shuɗewa.

Ga mai bincike a Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Tsohon sinadarin da dala ake sayensa, kuma dole ya iso cikin sanyi, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Sabon kuwa ƙwayar gado ce da ake iya busarwa a jikin takarda a aiko, a yi ta ninka ta cikin bakteriya.

Sai dai sauƙin ya tsaya rabin hanya. Ƙwaya mai rai tana son ɗumi daidai da na jiki dare da rana, ga na'urar hangen ƙananan halittu mai aiki da lesa. Duk wanda ya zauna a Jimeta a 2024, lokacin da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe, ya san abin da ɗauke wuta na makonni zai yi wa irin wannan aiki.

Ba na ganin wannan hujjar naɗe hannu ce. A Damaturu, Dakta Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, da irin na'urorin nan, kuma tana horar da matasa. Yola tana da asibitin koyarwa da majinyata masu farfaɗiya. Abin da ya kamata ta fara nema shi ne ɗaki guda mai wutar sola da ba ta yankewa, da yarjejeniyar tura ɗalibanta Damaturu.