Reza da roba ba sa fitar da dafin kububuwa

Tun da aka shiga girbi wani saƙo yake yawo a WhatsApp tsakanin danginmu, wai taimakon gaggawa ga wanda maciji ya sara a daji. Ina jin wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin ƙafar da aka sara ba, amma ya rufe da "a yaɗa saboda Allah", jama'a kuwa suka yi ta yaɗawa.

Akwai gaskiya a ciki: a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kuma kada wanda aka sara ya yi gudu. Sauran shawarwarinsa fa? Shan fetur guba ne a kan guba, manja abin miya ne, baƙin dutsen da ake mannawa ma ba ya zuƙo dafi.

Inda saƙon zai iya kisa shi ne cewa a ɗaure sama da saran tamau da roba, a tsaga da reza, a tsotse. Macijin da ya fi halaka manoma da makiyaya a yankinmu kububuwa ce, mai kirarin gobe-da-nisa, kuma aikin dafinta hana jini daskarewa. Shi ya sa a asibitin masu saran maciji na Kaltungo, a jihar Gombe, akan ɗebi jinin majinyaci a kwalba a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya ratsa jiki. To wanda jininsa ya daina daskarewa ne za a sa wa reza? Ɗaurin kuma tsare jini yake yi har nama ya mutu, wani lokaci sai an yanke ƙafar. Ɗauri tamau na da muhallinsa, kamar saran adda da jini ke tsartuwa, an danna ya ƙi tsayawa. Ban da saran maciji.

Ban ga laifin masu yarda ba. Asibiti na nesa, allurar kashe dafi na da tsada, sannan maciji kan yi sara bai zuba dafi ba, mutum ya tashi garau, a ce tsagar ce ta yi aiki.

Abin da ya kamata a yi wa wanda aka sara shi ne a kwantar da shi, a tallafe ƙafar da kara kamar karaya ba tare da matsewa ba, a nemi abin hawa zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Kada a ba shi aspirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini.