Masu Riƙe da Akalar Shirye-shiryen Nishaɗi a Gidajen Talabijin

A kowane gidan talabijin akwai babban jami'in da ke yanke hukunci kan shirye-shiryen nishaɗin da za a nuna, da lokacin da za a nuna su, da kuɗin da za a kashe a kansu. A tashoshin Najeriya ana kiransa daraktan shirye-shirye ko manajan shirye-shirye, a manyan kamfanonin Amurka kuwa shugaban sashen nishaɗi ake ce masa. 'Yan kallo sun san sunayen taurari, wasu ma sun san na daraktocin fim, amma da wuya a samu wanda ya san sunan wannan jami'i. Duk da haka, wasan kwaikwayon da iyali ke zaman kallo bayan sallar isha'i a garuruwan Jigawa irin su Yankwashi, Roni, Gwiwa, Ɓaɓura ko Kazaure, sai da ya samu amincewar irin wannan mutum kafin ya iso akwatinsu.

Abin da aikin ya ƙunsa

Aiki na farko shi ne zaɓen shiri. Marubuta da furodusoshi kan kawo labari a rubuce, wani lokaci da kashi ɗaya da aka riga aka ɗauka domin gwaji. Daraktan shirye-shirye da mataimakansa za su duba ko labarin zai iya jan zare na tsawon makonni, ko ya dace da mutanen da ke kallon tashar, da kuma ko akwai wanda zai ɗauki nauyinsa. Tashoshin Najeriya sun saba tsara shekara zuwa zango huɗu na mako 13 kowanne, shi ya sa yawancin wasannin kwaikwayo masu dogon zango ake rubuta su kashi 13.

Shiri kan shigo tasha ta ɗaya daga hanyoyi uku. Ko tashar ta shirya abinta da ma'aikatanta da kayan aikinta, ko ta sayi izinin nuna shirin da wani kamfani ya yi, ko kuma mai shirin ya sayi lokaci a tashar ya nemo masu talla da kansa. A hanya ta farko tashar ce ke ɗaukar riba da asara, kuma shirin mallakarta ne. A ta uku kuɗin tashar sun tabbata tun daga farko, sai dai ikonta a kan ingancin abin da ake nunawa ya ragu. Sanin hanyar da ta dace da kowane shiri yana cikin abin da ake auna gwanintar shugaba da shi.

Aiki na biyu shi ne jadawali, kuma a ƙasar Hausa agogon salla ne ke tsara shi. Ba a sa babban shiri ya faɗa cikin magariba, domin gida kan watse zuwa alwala da masallaci. Lokacin da ya fi tsada shi ne bayan isha'i, sa'ad da maigida ya dawo, an ci tuwo, yara ba su kai ga barci ba. Hantsi zuwa azahar na matan gida ne, nan ake ajiye shirin girke-girke da maimaicin wasan daren jiya. Da azumi ya kama, jadawalin kan sauya baki ɗaya: tafsiri da shirye-shiryen addini su karɓe manyan lokuta, a ajiye sababbin wasanni sai bikin salla. Hatta damina tana da tasiri, domin a garuruwan manoma kallon rana kan ja baya idan aikin gona ya kankama.

Aiki na uku shi ne dakatar da shiri. Idan 'yan kallo suka juya baya, ko mai ɗaukar nauyi ya janye, shugaban ne zai sanar da furodusa cewa ba za a sake wani zango ba, alhali ya san abincin mutane da dama ya rataya a kan shirin.

Yadda muƙamin ya samo asali a Arewa

Talabijin ya fara a Najeriya ranar 31 ga Oktoba, 1959, da tashar WNTV ta Ibadan. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna tare da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila. Shugabannin shirye-shirye na farko a Arewa daga rediyo suka fito, kuma da dabarun rediyo suka zo. Wasan Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi tashe a rediyo da talabijin duka, kuma a Kaduna ne ɗan wasa Kasimu Yero ya yi suna.

A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin talabijin na ƙasar ƙarƙashin hukumar NTA, Vincent Maduka ya zama babban daraktanta na farko. Daga nan aka samu jami'i guda a hedikwata mai ikon zaɓen shirin da duk tashoshin ƙasar za su nuna lokaci ɗaya. Kundin tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar mallakar tashoshinsu, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, wadda aka sauya wa suna zuwa ARTV bayan rasuwarsa a 2010. Manajojin shirye-shirye na CTV da NTA Kano sun buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni, kuma daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin masana'antar Kannywood.

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana da tashar jiha da reshen NTA a Dutse. Sai dai yankin Kazaure yana kan hanyar Kano zuwa Daura ne, kuma harkar kallonsa ta fi karkata ga abin da ake shiryawa a Kano.

Hanyoyin hawa kujerar

Tsohuwar hanya ita ce ta fara aiki daga ƙasa. Matashi kan shiga a matsayin mataimakin furodusa, yana riƙe takardun shiri, yana nemo 'yan wasa, yana kwana a ɗakin tace hoto. Daga nan ya zama furodusa, sai babban furodusa, sai shugaban sashen wasan kwaikwayo, sai manajan shirye-shirye, wataƙila har ya kai ga shugabancin tasha. Tafiyar kan ɗauki shekara ashirin ko fiye. Peter Igho misali ne a kan haka. Ya fara aiki a tashar talabijin ta Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, ya yi suna da wasan Cockcrow at Dawn wanda aka fara nunawa a 1980, aka ɗauka a yankin Jos da tallafin bankin UBA domin jawo hankalin jama'a ga noma. Daga baya ya zama babban daraktan shirye-shirye na NTA gaba ɗaya. Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos da sassan koyar da aikin jarida na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello su ne ke yaye akasarin masu bin wannan hanya a Arewa.

Hanya ta biyu ta kasuwanci ce. Biola Alabi ta yi aiki a Amurka da kamfanin da ke shirya Sesame Street kafin ta zama shugabar kamfanin M-Net Africa, kuma a zamaninta ne aka buɗe tashoshin Africa Magic Hausa da Yoruba a 2010. Masu irin wannan tarihi ƙarfinsu yana wajen ƙulla yarjejeniya, lissafin kuɗin shiga da karantar kasuwa, sai su jingina da ƙwararrun furodusoshi a kan abin da ya shafi labari.

Hanya ta uku ta naɗin gwamnati ce. Shugaban ƙasa ne ke naɗa babban daraktan NTA, gwamna kuma ya naɗa na tashar jiha. Wani lokaci a ɗauko daga cikin gida, wani lokaci daga waje, kamar yadda aka ɗauko Ben Murray-Bruce daga kamfanin Silverbird ya shugabanci NTA daga 1999 zuwa 2003. Wa'adin irin waɗannan shugabanni kan ƙare da sauyin gwamnati. Mata ma sun kai ga wannan mataki: Hajiya Sa'a Ibrahim ta shugabanci ARTV Kano, kuma a 2019 ta zama mace ta farko da ta riƙe shugabancin ƙungiyar kafafen watsa labarai ta Najeriya, BON.

Zamanin tashoshi masu zaman kansu

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Wannan ya sauya ma'aunin aikin. A tashar gwamnati shugaba yana iya dogara da kasafin kuɗi, amma a tasha mai zaman kanta albashin ma'aikata daga talla yake fitowa, talla kuma yawan 'yan kallo take bi.

A ƙasar Hausa, babban misalin wannan zamani shi ne Arewa24, wadda ƙungiyar Equal Access ta kafa a 2014 da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, daga baya ta koma kamfani mai neman na kansa ƙarƙashin jagorancin Jacob Arback. Shugabanninta sun yanke shawarwari biyu masu nauyi: watsa shirye-shirye da Hausa dare da rana, da kuma barin tashar kyauta a tauraron ɗan'adam. Shawara ta biyu ce ta kai ta ƙauyukan da tashoshin eriya ba sa isa da kyau, domin da faranti da dikoda da ɗan sola ko janareta, gida ya samu kallo ba tare da biyan kuɗin wata ba. Tashar ta shirya Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da kanta, ta kuma nuna na kamfanonin Kannywood, kamar Labarina na Aminu Saira da Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi. Karɓuwar waɗannan wasanni na cikin abin da ya karkatar da Kannywood daga fim mai kashi ɗaya ko biyu zuwa mai dogon zango.

Doka da al'ada

Shugaban shirye-shirye a Arewa yana aiki ne ƙarƙashin sa ido ta fuska biyu. Dokokin NBC sun tanadi kason shirye-shiryen gida da dole tasha ta nuna, sun kuma ware farkon dare a matsayin lokacin iyali, wanda ba a yarda a sa abin da bai dace da yara ba. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda ta fara aiki a 2001, kuma ta sha yin takun-saƙa da masu shirya fim a kan sutura, rawa da kalamai. Bayan hukumomi akwai malamai da iyaye, waɗanda ƙorafinsu kan yaɗu daga mumbari zuwa Facebook cikin yini guda. Saboda haka tashoshi kan duba kowane kashi kafin ya fita, musamman wasannin Indiya da na Turkiyya da ake fassarawa, inda ake yanke fitowar da ba ta dace ba.

Yadda abin yake a Amurka

A Amurka wannan muƙami ya fi ko'ina fitowa fili. Kamfanin Nielsen yana fitar da alƙaluman 'yan kallo, kuma duk watan Mayu manyan tashoshi kan tara masu talla a New York su gabatar da jadawalin shekara mai zuwa, a sayi lokacin talla tun kafin a fara nuna shirye-shiryen. Shugaban da alƙalumansa suka faɗi ba ya daɗewa a kujera. Fred Silverman ya jagoranci shirye-shirye a tashoshin Amurka na CBS, ABC da NBC ɗaya bayan ɗaya. Brandon Tartikoff ya karɓi sashen nishaɗi na NBC yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya ɗaga tashar daga baya zuwa gaba a shekarun 1980. Bob Iger ya shiga ABC a 1974 a ƙaramin muƙami, ya zama shugaban sashen nishaɗinta a 1989, ya kai ga shugabancin Disney a 2005. Channing Dungey ta zama baƙar fata ta farko da ta shugabanci sashen nishaɗi na babbar tasha a 2016, kuma ita ce ta soke shirin Roseanne a 2018 yana tsakiyar tashe, saboda kalaman wariyar launin fata da tauraruwarsa ta wallafa.

A Najeriya auna 'yan kallo bai kai wannan ƙarfi ba, musamman a karkara. Shugabanni kan haɗa binciken kamfanonin talla da saƙonnin 'yan kallo da yawan masu kallo a YouTube domin su gane inda aka dosa.

Waya da intanet

Wayar hannu ta rage ƙarfin jadawali. A kasuwannin ƙauye da tashoshin mota akwai matasa masu kwamfuta da ke tura fina-finai a waya a kan kuɗi kaɗan, mutum ya kalli kashin da ya wuce shi lokacin da ya ga dama, ba tare da tashar ta samu ko kwabo ba. Wasu furodusoshi kuma sun daina jiran amincewar kowace tasha, kamar yadda Izzar So na Lawan Ahmad ya tara 'yan kallo ta YouTube. Manhajoji irin su Northflix da Arewa24 On Demand suna neman masu biyan kuɗi a gida da ƙasashen waje.

Wannan ya ƙara wa shugaban shirye-shirye sababbin ayyuka. Yanzu sai ya san dokar haƙƙin mallaka, ya tsara inda shiri zai fara fita tsakanin akwati da intanet da tazarar da za a bari a tsakaninsu, ya kuma iya karanta alƙaluman da manhajoji ke bayarwa kan minti nawa aka kalla da inda aka tsaya. Tashoshi suna neman wanda ya haɗa wannan sani da tsohuwar ƙwarewar gane labari mai kyau da sanin halin mutanen da ake yi wa shirin.