Kartar da kuke bugawa a fada: daga Masar ta biyo, Faransa ta yi mata fuska

Da an gama girbin hatsi, in kun zaga Afala da marece ko unguwannin Tawa, ba wuya ku iske fada: butar shayi bisa garwashi, samari huɗu kan tabarma suna buga belot. Ana jefa karta ana gardama, amma kaɗan ne sunka taɓa ɗaga takardar su karanta ɗan rubutun da ke gefenta. Mu dai mun karanta.

In kartarku mai haruffan R, D da V ce, to ƙirar Faransa ce, kuma kowane mutum da anka zana yana da suna. Sarkin kur sunansa Charles, na karo César, na tirefil Alexandre. Sarkin pik kuwa David anka rubuta, wato Annabi Dawuda (AS) kamar yadda Turawa ke kiransa, har da molonsu na gargajiya a zanen. Matar karo ita ce Rachel, sunan mahaifiyar Annabi Yusuf (AS) a littattafansu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga takardar da ake dankarawa bisa tabarma, wani lokaci ma kan kuɗi. Hukuncin abin na malamai ne, amma ya kamata mai riƙe da ita ya san abin da ya riƙe. Karta mai K, Q da J, ƙirar Ingila, wadda ƴan bida ke zuwa da ita daga Najeriya, ba ta ɗauke da waɗannan sunaye.

Abin mamaki, Turawa ba su ne sunka ƙirƙiro karta ba. Masana da dama na ganin daga ƙasar Sin ta faro, inda anka fara yin takarda. Amma kakar tamu ta kusa a Masar take, zamanin sarakunan Mamluk. A shekarar 1939 wani masani mai suna Leo Mayer ya gano wani tsohon jerin kartarsu a fadar Topkapi da ke Istanbul. Tsarinta 52 ne kamar na yau, gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan ƙwallon doki. Kowane gida na da manya uku, malik da na'ibinsa da na'ibi na biyu. Sai dai babu fuskar mutum ko ɗaya, ado ne kawai da rubutun Larabci. Har gobe mutanen Sifen "naipes" suke kiran karta, kalmar da ake dangantawa da na'ibin nan.

Ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma da shigarta anka fara faɗa da ita. A 1377 hukumar birnin Florence ta Italiya ta hana buga ta. Kun ga ke nan, kukan da iyaye ke yi a nan Adar kan caca, wani ya ci kuɗin taki, wani ya ci jikkunan da ya yi wata shida yana tarawa a Abijan, kuka ne da ya girmi kakanninmu.

Alamun nan huɗu, kur, karo, pik da tirefil, Faransawa sunka fito da su wajen 1480, kuma dalilin na kasuwa ne. Zana kofi ko takobi na cin lokaci. Su kuwa waɗannan, sai a huda allo a shafa ja ko baƙi, an gama. Karta ta yi araha, talaka ya samu. Lokacin juyin juya hali, a 1793, har cire sarakuna anka yi daga karta don ƙin sarauta, amma ba a daɗe ba sunka komo. Kawuna biyu da kuke gani, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a ƙarni na 19 sunka bazu: da can mai juya takarda don sarki ya tsaya daidai yana tona ma abokin hamayya asirin hannunsa.

Belot ɗin kanta yarinya ce cikin wasanni. Wajen 1920 ta yi ƙarfi a Faransa, mulkin mallaka ya kawo mana ita. Da karta 32 ake buga ta, daga bakwai zuwa as, shi ya sa in an sayo kwali mai 54 ake ware daga biyu zuwa shida, takarda 20, tare da joka biyu, a bar ma yara. Joka ma baƙo ne, daga Amurka ya zo cikin shekarun 1860. Kuma a belot, in gida ya zama atu, bara ya fi ubangidansa: V na cin maki 20, tara na cin 14, sarki ya tashi da 4 kacal.

Ita kuwa Whot da ake gani hannun masu dawowa daga Sakkwato da Legas, mai da'ira da tauraro da kuros, ba dangin waɗannan ba ce. Wani Bature ɗan Ingila, William Storey, ya ƙirƙiro ta a 1935, ba sarki ba sarauniya, lambobi ne zalla.