Mesa mai dunƙulewa: zafi da laimar da take buƙata a hannun masu kiwo

Ƴan uwanmu da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka sun san shagunan da ake sayar da macizai kamar yadda ake sayar da kaji a kasuwa. Cikin waɗanda aka fi saye akwai wata ƙaramar mesa ƴar asalin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. In ta ji tsoro sai ta cusa kanta cikin jikinta ta dunƙule kamar ƙwallo. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita 1 da rabi ba, kuma tana iya kai shekara 20 zuwa 30. Daga Gana, Togo da Benin aka fi fitar da ita. A garin Wida na Benin ma ɗakin bauta gare ta.

Yau da yawa daga cikin na kasuwa a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su. To amma haihuwar cikin akwati ba ta canza halitta. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar akuya ko mutum, daga waje yake aro. Ita wannan mesa a daji ba shanya kanta take a rana ba: tana wuni cikin ramin ɓera ko cikin suri, inda babu ƙuna, babu sanyi, ga danshi, sai dare ta fito farauta. Ke nan aikin mai kiwo shi ne ya kwaikwayi ramin, ba ranar da ke waje ba.

Batun zafi, akwati ɓangare biyu ake yi mashi. Ɓangaren ɗumi ya tsaya a digiri 31 zuwa 33, wato 88 zuwa 92 a ma'aunin Amurka. Ɓangaren sanyi kuma 24 zuwa 27. Kowane ɓangare a sa mata maɓoya, ko da kasko ne aka kife aka yi mashi ƙofa. In ta ci abinci sai ta koma ɗumi don ya narke, in ta ji ya ishe ta ta koma sanyi. Zaɓin nan shi ne maganin. In wuri ya cika sanyi, tana ƙin ci, ko ta amayar da abin da ta haɗiye, ko ciwon numfashi ya kama ta. In ya haura digiri 35 kuma babu wurin gudu, rai ne a kan siraɗi. Shi ya sa duk abin ɗumamawa, fitila ce ko shimfiɗar lantarki, sai an haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai iyaka. Mesa tana iya kwanciya kan abu mai zafi har cikinta ya ƙone ba ta tashi ba.

Sai laima, wato ruwan da ke cikin iska. Ana son ta kusan kashi 60 cikin 100, a ɗaga ta zuwa 70 ko 80 lokacin saɓa. Alamar saɓa ba ta ɓuya: fata ta dushe, idanu su yi shuɗi-shuɗi kamar hazo. Mai lafiya tana tuɓe zanenta gaba ɗaya. In iska ta bushe, saɓar tana fita guntu-guntu, ta maƙale a ido ko a bakin wutsiya har ta ɗaure jini. Ana shimfiɗa mata ɓawon kwakwa mai riƙe danshi, a ajiye kwanon ruwa mai faɗi. Amma laima daban, jiƙa daban: in ta daɗe kwance kan shimfiɗa sharkaf, fatar cikinta ruɓewa take yi. Kada a auna da hannu ko da ido. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya kowane ɓangare, da ma'aunin laima ɗaya.

Kowace ƙasa da matsalarta. A Turai, lokacin sanyi na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska. Mu nan Maraɗi, Damagaram ko Tawa, bazara tana wuce digiri 40 a inuwa, hunturu kuma yana sauke laima ƙasa da kashi 20, ga ɗaukewar kuran. Wanda ba zai iya riƙe waɗannan alƙaluma dare da rana ba, gara ya haƙura. In kuma an ji tana numfashi da ƙara, ko kumfa a baki, sai wurin likitan dabbobi.

Gargaɗi biyu kafin mu rufe. Mesar tana cikin jeri na 2 na yarjejeniyar CITES, ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini, don haka kada wani ya ba ku saƙonta ku karɓa. Na biyu, mutanenmu na karkara, kada wani ya kai hannu ga macijin daji don ya gan shi gajere mai kauri mai zane. Kasa ma haka take, ita kuwa dafinta na kisa.

Allah ya tsare mu baki ɗaya, mu kwana lafiya.